Kaset ɗin Baba

Ina shekara sha huɗu, haruffa ba su daina yi mini rawa a takarda ba. Makarantarmu a Omdurman ta ce in na sake faɗuwa jarrabawa, kora ce. 

Ranar nan da la'asar Baba ya rufe shagonsa na Kasuwar Libiya da ke nan cikin gari, ya dawo da rikoda. Ya ce tunda ido ya ƙi, a gwada kunne. Ya zauna yana karanta littafina na darasin tarihi cikinta, yana tuntuɓe da Larabcin. Inna ta shigo da gahawa.

"Ajiye nan, Hajiya," ya ce. "Ni da 'yata muna aji."

Da ƙyar na ci jarrabawar. Tarihin duk na manta, amma kaset ɗin yana nan, kuma wurin da ya ce muna aji nake ta maimaitawa.