Injin Wankin Inna

Karo na uku ke nan Safiyanu yana kwance rigingine a zauren surukansa a Giwa Tazo, kansa a gindin injin wanki, zufa na shiga masa ido. Ya shafa bel, ɗamarar robar da ke juya injin, wanda ya saka da hannunsa makon jiya, ya ji shi santsi kamar an tsoma a miya.

"Mai kuma!" ya ce, ya ja tsaki.

Duk Jega an san Safiyanu da gyaran injin wanki. Wannan tsoho ne, mai murfi a sama. Shi ya saye shi a gwanjo, ya gyara shi tsaf, ya kawo wa surukarsa kyauta, don matarsa Zulfa ta ce Inna na fama da ciwon kafaɗa, hannunta ba ya iya matse komai. Aka yi ta sa albarka. Wata bai cika ba aka aiko masa cewa inji ya daina matsa. Moton injin na gurnani, tukunyar wankin ba ta juyawa.

Zuwan farko ya bi komai daki-daki. Makunnin murfi lafiya, kafasita lafiya, moto garau. Bel ne ya jiƙe da mai, yana sulɓewa. Ya ce giyar injin ce, akwatin haƙoran ƙarfe, ke yoyo, ya sauya robar da ke tare mai, ya sa sabon bel. Ya zuba tsummokara ya gwada, inji ya juya har yana fito.

Zuwa na biyu ya tarar da man ya dawo, robar ta yi laushi, sifirin da ke riƙe tukunya sun saki kamar an ɗora musu jaki. Ya hau babur har Aliero, ya samo wata giyar, ya ɗaura. Yau ga giya a bushe ƙamas, ga bel sharkaf, ga kiyashi sun yi layi suna hawa ƙafar injin. Haushi ya turnuƙe shi har ya rasa wanda zai zaga.

Da wani gida ne, da tuni ya gama. Zai tsaya a kan matar gidan ya ce, Hajiya, kunna in gani, me kike zubawa, bargo nawa kike cusawa? Amma suruka? Haba! Shi ba ya wuce zaure, ita ba ta fitowa. Gaisuwa ce daga bayan labule, shi a durƙushe, takalma a waje. Injin ma sai matan gida sun wanke shi fes da omo ciki da bai kafin a turo masa, don ba a nuna wa suruki dauɗa. A bayansa kuma sai farantin ƙuli-ƙulin Inna, wanda kwanan nan ya ƙara garɗi. Shi yake taunawa yana hucewa.

Ya roƙi Zulfa ta tambayar masa. Ta riƙe baki. "In titsiye uwata kan kyautar da ka yi mata? Sai ta ce gori aka yi mata. Ba da ni ba."

Ga kuma Tamu, ƙanin Zulfa, mai noman albasa, da ba ya barin ta kwana. Ya jingina da ƙofar zaure yana sakace.

"Injiniya! An ce gawa ka kawo muna. Mu yi mata sutura, ko za ka koma da abinka?"

Wasan ƙanin mata ne, amma ya wuce zaure. A majalisa an fara cewa surukin gidan ya rasa inda zai zubar da shara sai ɗakin uwar matarsa. Mutanen Maiyama biyu sun zo shagonsa sun kwashe injinansu ba a taɓa ba. Surukinsa namiji, da yakan zauna su yi hira, yanzu amsa gaisuwa kawai yake ya wuce masallaci. Wannan ta fi komai ci wa Safiyanu rai.

Ya sake kwance injin ƙusa-ƙusa. Ya goge, ya leƙa, ya haska fitila a kowane lungu. Babu inda mai zai fito. Ya jefar da sifana, ya zauna ya yi tagumi. Shekarunsa a wannan sana'a, ƙarfe bai taɓa mayar da shi wawa haka ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma ya san zai yi ciwo. Babur ɗin nan shi ne ƙafarsa, da shi yake bin Jandutsi da Fagada da Aliero neman aiki. Ran kasuwar Jega ya tura shi wurin dillalai, ya juya baya don kada ya ga wanda zai hau. Gara ya yi yawo a ƙasa da a ce ya wulaƙanta Inna.

Washegari a-kori-kura ta sauke sabon inji dal a kwali a ƙofar gidan. Aka ja inji ciki, mata suka rangaɗa guɗa. Safiyanu ya durƙusa a zaure, aka turo faranti, ya jefa ƙuli ɗaya a baki. Karon farko cikin makonni ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi.

Labule ya motsa, muryar Inna ta fito a hankali.

"Malam, Allah shi yi albarka, shi ba ka masu yi maka. Tun da ka kawo wancan kafaɗata ta huta. Sai dai ka tambayo mini masu shi, wanga sabon, ƙullin gyaɗa nawa yaka ɗauka in za a matse mai, don wancan in na sa mishi ƙulli biyu sai shi kama rawa."