Hukuncin Tsohon Gandiroba

Gawa ta uku ya tsamo da cokalin shayi, ba wutsiya, ido ɗaya a ƙwaƙule.

Shekara talatin Gandiroba ya yi yana tsaron fursunoni, kuma har gobe yana cika baki cewa kallo ɗaya yake yi wa mutum ya gane tsagera. Ga shi 'yan kifayen ado shida, da ba su wuce tsawon yatsa ba, suna neman kunyata shi. Na Autarsa ne, irin da ake kira beta, mata, masu faɗan tsiya. Ranar da za a kwantar da ita a asibiti ta damƙa masa su, ta roƙe shi ko me za a yi kada wadda take kira Ja ta mutu, don marigayiya uwarta ce ta saya mata.

Duk abin da ta rubuta masa ya bi. Ya sauya wa duwatsun cikin tankin gilashinsu wuri don kowace ta manta iyakarta, ya ƙara ganyaye da fasasshen kofi na ɓuya, ya riƙa zuba abinci a kusurwa uku. Har kumfar da ke taruwa a saman ruwa kullum sai ya kwashe don tsabta. A nan 'yar shuɗiya mai gajeriyar wutsiya ke rakuɓewa, wadda maƙwabciya ta kawo kyauta kwanan nan. Tausayinta yake ji, Marainiya yake ce mata. Amma da ya dawo daga kai abinci asibiti sai ya tarar an yi ɓarna.

Ja kuwa ƙatuwa ce, kullum tana tsakiyar tanki, baki a tsage. Wannan shaida ta ishe shi.

Ranar da ya ga gawa ta huɗu, ciki a farke, idonsa ya rufe. Ya cusa hannu ya damƙo Ja, ya maka ta da ƙasa. Ta yi tsalle biyu, ya bi ta da silifa. Tabonta ya rage a kan tayil. Ya lallashi kansa cewa ai ya ceci rai ɗaya.

Ana gobe za a sallami Auta, ya kira mai shagon kifi ya samo masu kama da matattun. Mutumin ya durƙusa gaban gilashin, ya daɗe yana kallon Marainiya tana iyo ita kaɗai a ƙarƙashin sabuwar kumfa.

"Baba, kumfar nan sheƙa ce, namijin beta ne ke yin ta," in ji shi. "Wannan ai namiji ne, shi yake yayyaga su."