Wuƙar da Ba Ta Taɓa Shan Asid Ba

Mai Zane yana goge wuƙa da sanfefa mai laushi a shagonsa sai ya hango mahaifinsa yana tsallako titi, riga duk toka, ƙunshin tsumma a hammata. Ya ajiye sanfefar. Duk ranakun Allah sai yau, da babban kukun otal zai zo ya ga aikinsa kafin ya zaɓi wanda zai ƙera wa kicin ɗinsu wuƙaƙe!

Tun yana ƙarami yake jin kunyar tokar nan. Yara sun taɓa yi masa waƙa da ita a makaranta, daga ranar bai sake leƙa maƙerar Baba ba. Sana'ar ma a wani gari ya koyo ta: a jera ƙarfe iri biyu, a gasa, a buga, a ninke, a sake ninkewa. Wuƙar takan fito fili kamar kowace wuƙa. Sai an tsoma ta cikin asid ƙarfe ɗaya zai yi baƙi, ɗayan ya tsaya da haskensa, zane ya bayyana. Da wannan ya samu suna. Baba kuwa yana nan yana tsintar karyayyen zarto da sifirin mota, ya ƙone buhun gawayi, ya kwana huɗu a kan wuƙa ɗaya, ta fito babu ko layi. Tsufa ne, in ji Mai Zane.

"Injinka zan ara," in ji Baba. "Ƙotar wuƙar mahaifiyarka ta yi sako-sako."

Mai Zane bai samu bakin sallamarsa ba kuku ya shigo. Ya rusuna wa tsohon, "Sannu Baba," sannan ya dubi mai shago.

"Maƙwabci ne," Mai Zane ya yi caraf ya ce. "Yakan zo shan inuwa."

Magana zarar bunu. Ya kasa kallon bencin da Baba ya zauna, ƙunshi a cinya.

Kuku ba mutum ne da ake yi wa daɗin baki ba. Ya ce ya sha ganin zanen da ake shafawa a bisa, wata biyu ya goge. Ta yaya zai san wannan har ciki ne?

Mai Zane ya ce ai abin da sauƙi, a tsoma tasa tare da wuƙar gama-gari a ga bambanci. Ya duba shagon, babu irinta ko ɗaya. Sai idonsa ya sauka kan ƙunshin.

"Bar wannan," in ji Baba a hankali. "Nemo wata."

Tsoron a kunyata aikinsa yake, Mai Zane ya ce a ransa. Ya ji nauyi, amma bai fasa ba, ya zare wuƙar. Ya wanke maiƙon jikinta, ya bi ta da sanfefa, ya zura su biyun cikin kwalbar asid. Kafin asid ya kama su ya cika kuku da bayani: gajeren tsomi don zane mai laushi, dogo don wanda yatsa zai ji, sai ruwan soda ya kashe asid, sai mai ya hana tsatsa. Surutun dai na wanda ke gudun shiru ne.

Ya ciro tasa, ya ɗauraye. Zane ya fito raɗau, kuku ya gyaɗa kai. Ya ciro ta biyun, ya miƙa ba tare da ya ko kalle ta ba.

Kuku ya kai ta bakin ƙofa wajen haske. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ciro tabarau. Da ya dawo, wuƙar Mai Zane tana kan tebur, ya manta da ita.

"Wa ya ƙera wannan?"

Sai a lokacin Mai Zane ya duba. Layuka ne sirara kamar gashi, ninki a kan ninki, tun daga ƙota har tsini, nasa bai kai rabinsu ba. Baba ya miƙe, ya kakkaɓe tokar rigarsa.

"Maƙwabci ne," ya ce. "Shekara arba'in yana ninke ƙarfe. Matarsa ce ba ta son asid, wai albasa na maƙale wa zane."