Babin da Ya Rage a Labarin Mai Jan Kwat

Matakala talatin da biyu ce daga ƙofar shiga zuwa hawa na uku. Auta ta duba ƙaramin littafinta, ta ga haka ne, sannan ta ja layi a ƙarƙashin lambar. Haka take aiki. Ko launin labule ba ta sawa a labari sai ta tabbatar da shi.

Littattafai shida ta fitar a kan Mai Jan Kwat, yarinya 'yar shekara goma sha uku da aikin mahaifinta ya kai su wata ƙasa mai sanyi, inda babu mai iya faɗin sunanta daidai. 'Yan mata sun karɓi littattafan hannu bibbiyu. Wasiƙunsu sun cika kwali biyu a ƙarƙashin teburinta. Wata ta rubuto cewa ita ma a bayan ɗakin karatu take cin abincin rana, don kada a ga ba ta da abokiyar zama. A bangon kowane littafi an rubuta cewa marubuciyar ta fito daga gidan da ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙasar waje. Babu ƙarya a ciki.

Littafi na bakwai shi ne na ƙarshe, kuma babi ɗaya ya rage: ranar da za su kulle gidan su dawo. Edita ta ba ta zuwa ƙarshen wata, in ta wuce sai baɗi. Ba baɗin ne ke damun Auta ba. Likita ya riga ya faɗa mata cewa mantuwar Yaya gaba take yi, ba za ta dawo baya ba.

Shekara tara ke nan kowace Asabar tana zuwa gidan Yaya da rikoda da jerin tambayoyi. Baba da Mama sun rasu, su biyu suka rage. Yaya kan ce ko mai binciken kisan kai bai kai ta naci ba, amma sai ta gyara zama ta ba da amsa: motar makaranta ruwan ɗorawa ce, tsohuwar hawa na biyu tana da kyanwa mai ido ɗaya, hitar ɗumama ɗaki tana tari kafin ta kama.

Sau ɗaya Auta ta yi gaban kanta. A littafi na biyu ta rubuta cewa dusar ƙanƙara ta yi ta dukan rufin aji har malama ta ɗaga murya. Yaya ta yi dariya har ta sarƙe da shayi. Ta ce dusar ƙanƙara ba ta ƙara, shirunta ne ma ke ba mutum tsoro. Auta ta goge shafi biyu. Ba ta yi dariyar ba.

Ranar Laraba edita ta kira. Ta ce babi ɗaya ai ba abin wahala ba ne, ta rufe ido kawai ta tuna ranar, ta rubuta abin da ta gani. Auta ta ce to.

Ranar Asabar ta tarar mai jinya ta zaunar da Yaya a kujerar bakin taga, an lulluɓe mata ƙafafu. A bango ga hoton nan da ya fara dushewa: Baba, Mama, da Yaya cikin jan kwat a gaban dogon bene.

Auta ta kunna rikoda ta bi tambayoyin a jere. Wa ya kulle ƙofar? Wata ƙawa ta gidan kusa ta sauko rakiya? An yi kuka? Yaya ta yi ta kallon titi. Da ta buɗe baki sai ta yi magana da harshen can, da sauri, da siririyar murya irin ta yarinya. Auta ta rubuta sautin yadda ya shiga kunnenta, don ta nema a ƙamus in ta koma gida. Layi uku ta yi ta ajiye biro. Ta gane babin nan ba zai samu ba, yau ko wata Asabar.

Ta kashe rikodar, ta riƙe hannun yayarta.

"Yaya, ni ce fa. Auta."

Yaya ta waiga ƙofa a tsorace, ta sa yatsa a baki.

"Yi a hankali, kada Mama ta ji. In aka ambaci sunan nan sai ta shige kicin ta buɗe famfo, wai don kada mu ji kukanta."

A shekara taran nan Auta ta tambayi komai, har da kalar tabarmar bakin ƙofa. Wannan kaɗai ba ta taɓa samun ƙarfin sawa a jeri ba. Ta tambayi abin da ke sa Mama kuka.

Yaya ta dube ta da tausayi, yadda ake duban baƙuwar da ba ta san gida ba.

"Ai Auta ba ta zo da mu ba. Takardunta ba su fito ba, aka bar ta wurin Gwaggo. Baba ya ce wata shida kawai, amma ga shi har na shiga aji uku ba a je an ɗauko ta ba."