Furen Matar Abu Nasir

Sau tara ke nan Sha'aban yana ɗaukar hoton furen da wayarsa, kowane karo kuma manhajar gane tsirrai sai ta ba shi wani suna daban.

Furen okid ne, irin mai leɓe kamar takalmi sau-ciki, kore da ɗigo-ɗigon ja. Wani dattijo Balarabe, Abu Nasir, ya kawo shi shagon furannin da Sha'aban ke aiki a unguwar Al-Badi'a ta birnin Riyad. Na matarsa ne da ta rasu. Babu takardar suna a jikin tukunyar, ganyen kuma ya fara rawaya. Dattijon so yake a samo masa irinsa kafin wannan ya mutu.

Mai shagon, wanda shi ne kafilin Sha'aban, mai tsaya masa a kan takardun zama, bai ja magana ba. "Ka nemo sunan kafin Alhamis, ko kar ka ƙara yi mini zancen sabunta iƙama."

Shago bakwai Sha'aban ya zaga cikin ranar Riyad. Ya tura hoton Holan, inda suke saro furanni. Mutanen can suka ce iri biyu aka haɗa, amma wanne da wanne, ba su sani ba.

Ran Laraba Saidou, wani tsoho mutumin Maraɗi mai shara da ban ruwa a shagon, ya tsaya a kan tukunyar ya daɗe. Ya juya ganye ɗaya ya duba bayansa.

"Kar ka wahalar da kanka, ɗana, ba ya cikin littafinsu. A dai rage masa ruwa."

"Baba, don Allah ka kama tiyonka. Masu abin ma sun kasa."

Saidou ya ja tiyonsa ya wuce.

Ran Alhamis Abu Nasir ya zo. Sha'aban ya fara ba shi haƙuri, kafilin na tsaye yana harararsa. Dattijon ya zaro wani tsohon hoto daga aljihu.

"A kayanta na tsinta. Wata gonar furanni ce a Ɗa'if, shekara ashirin da biyu ke nan. Ta rubuta a baya cewa wanda ya haɗa irin da hannunsa ne ya ba ta, ɗaya tak ya rayu. Ko za a iya gano inda yake?"

Sha'aban ya karɓa ya ƙura wa hoton ido. A gefen matar, cikin farar rigar masana, riƙe da tukunyar hannu biyu, Saidou ne tun gemunsa na baƙi.