Ranar da Bamalli Ya Tura Mota

Bamalli ne ya fara ganinta a gindin mangwaron bakin tasha, baƙa wuluk, doguwa kamar kwalekwale, da wasu fukafukai biyu a bayanta. A shekarar da aka sauya wa garin suna ya koma Suleja, mota ta daina zama abin kallo, don 'yan kwangilar sabon birnin tarayya sun cika ko'ina da Fijo. Amma wannan ta zamanin Turawa ce. Ta haura shekara ashirin a duniya, ga ta kuma tana ƙyalli sai ka ce jiya aka sauke ta daga jirgin ruwa.

Kafin ka ce kwabo an yi mata zobe. Mai tsire ya bar tukubarsa, tela ya fito da tef a wuya. Wani ya ce ta Razdan ce, wani ya rantse da kabarin kakansa cewa gwamna ya taɓa shigarta. Kowa na son ya shafa, kowa na jin tsoro.

A kujerar direba akwai wani mutum da babbar rigar shadda da baƙin tabarau. Ba wanda ya tambayi sunansa. Ai wanda ke cikin irin wannan mota Alhaji ne. Ya sunkuya yana ta fama da wayoyi a ƙarƙashin sitiyari, hancin motar kuma yana ɗan fitar da tururi. Abin ya burge Bamalli, babban mutum da kansa yake gyaran abinsa.

Shi Bamalli direba ne da aiki ya ƙare wa. Wata goma sha ɗaya ke nan tun da ya kifar da motar katakon ubangidansa a hanyar Diko, kuma tun daga nan ko amalanke ba wanda ya yarda ya ba shi. Lasin yana aljihu, yunwa tana gida. Don haka duk motar da ta tsaya a tashar nan, ƙofar arziki yake ganinta.

Ya kutsa, ya durƙusa a jikin taga. "Ranka ya daɗe, ko a taimaka? Ni direba ne."

"Turi take so," in ji Alhaji, bai ko ɗago ba. "Kuma da ma direba nake nema. Tashe ta tukuna, sai mu yi magana."

Bamalli ya ji kamar an yi masa albishir da Aljanna. Nan take ya tara majiya ƙarfi shida, ya jera su a baya, yana ba da umarni kamar motar ubansa.

Sun sa kafaɗa ke nan sai ga wani tsoho daga wajen famfo, da galan na ruwa a hannu. Singiletinsa duk baƙin mai, ga wani tsumma a kafaɗa. Yana hango taron ya yar da galan ɗin, ya sheƙo a guje, ya cafke mariƙin ƙofar motar da hannu biyu. Ya buɗe baki, amma magana ta ƙi fita. I'ina gare shi, irin mai tsananin nan da ke sa jijiyar wuya ta miƙe, ga kuma haki.

Alhaji ya ɗaga gilashin taga da sauri. "Ku raba ni da mahaukacin nan!"

Mutane suka fashe da dariya. Wani ya shiga kwaikwayon tsohon, yana karkata baki yana buga ƙafa. Luba mai tuwo ce kaɗai ta ce, "Haba jama'a, ku bari ya faɗi abin da ke bakinsa mana."

"Wa zai jira?" in ji Bamalli. "Wannan ai sai la'asar zai kai ƙarshen kalma ɗaya!"

Aka sake kecewa da dariya. Bamalli ya finciki tsohon, tsoho ya ƙi saki. Ya kwaɗa masa mari a baki, jini ya fito, duk da haka bai saki ba. Idanunsa na zubar da hawaye, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san shi a garin. Bamalli kuwa ba abin da yake gani sai abincinsa da wani ƙazami ke neman zubarwa. Ya zari itace daga murhun mai tsire, ya sauke masa a kan yatsu. Sai a bugu na uku hannun ya buɗe.

Daga nan kowa ya sami rabonsa. Ko waɗanda ba su san mafarin zancen ba sai da suka sa ƙafa, don dukan wanda ba shi da kowa ba ya bukatar gayyata.

Suka tura. Motar ta yi tari sau biyu, ta ɗauka da wani gurnani mai daɗi, taro ya sa sowa. Bamalli ya bi ta da gudu yana ɗaga lasinsa. Ba ta tsaya ba. Ta miƙe hanyar Kaduna har ta ɓace.

Ya ce wa kansa Alhaji ya tafi ɗumama injin ne, yanzu zai juyo. Ya tsaya a bakin titi har inuwar mangwaro ta kauce daga inda take. Sannan ya dawo, zuciyarsa na tafasa, yana neman wanda zai huce a kansa.

Tsohon yana nan kwance, Luba na ɗaure masa karyayyun yatsu da gefen zanenta. Kusa da shi ga wata 'yar jakar fata da ta tsinke daga wuyansa wajen duka. Bamalli ya ɗauka, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

"Ku matso ku ga layar hauka!"

Ya zazzage ta a tafin hannunsa. Makullin mota ne ya fara faɗowa, sai takardun baƙar motar, sai lasin mai sunan Malam Maiturare, da hoton tsohon a jiki yana murmushi.