Sandar Baturen Kawu

Ina yaro Kawu Sale ya sauka gidanmu na unguwar Mansur a Makka. Daga Landan yake, inda ya yi wa wani Bature direba, shugaban makaɗan fim. Bayan la'asar ya fito da wata 'yar farar sanda siririya, kyautar sallamar maigidansa.

Ya ce wa kakata, "Inna, in ya ɗaga ta, makaɗa cike da ɗaki sai su yi tsit."

"Shi me yake kaɗawa?"

"Ba komai."

"Ba ganga, ba goge, ƙarti na yi masa biyayya? Sale, mu da ba mu da iƙama, takardar zaman ƙasar nan, za ka kawo wa sihiri? Ko ita ta fita, ko kai."

"Wallahi itace ne kawai!"

Ta ɗauka da bakin mayafi, ta juyo kanmu mu yara muna ta dariya, ta ɗaga. Muka yi tsit. Wa zai motsa Inna na riƙe da sanda?

"To, ka gani?"

Nan take ta karya ta. Na zaga duniya tun daga nan, amma in na tuna fuskar Kawu, sai in ce da ma ɗayanmu ya yi ko tari.